Husufin da Sarki Ya Kora

Okdan mai tallan allura ce ta kawo maganar, kamar yadda take kawo kowace magana a unguwar. Ta baje kayanta a baranda, zare da hoda da tsinken gashi, ta jira sai da Tsohuwa Pyo ta ɗauki allura tana duban kafarta, sannan ta rage murya. Wai ana cewa ɗan tsohuwar, Sokju, ya shiga addinin mutanen Yamma. Wai da ya bi ayarin jakadu zuwa Beijin a sanyin bara, limaman nan masu dogon hanci sun zuba masa ruwa a ka, sun ɗiga masa wani abu a ido, tun daga nan ba ya ganin abin da sauran mutane ke gani. Shaida kuwa ga ta a fili: duk ma'aikatan gidan lissafin sama sun yarda rana za ta yi husufi ranar ɗaya ga watan gobe, shi kaɗai ya ce ba za ta yi ba, ya kuma ƙi buga hatiminsa a takardar da za a kai fada.

"Wa ya gaya miki?" in ji tsohuwar.

Okdan ta ce ai kowa ya sani.

"Kowa. Mutumin nan yana da ƙoƙari. Tun ina yarinya nake jin maganganunsa, ban taɓa ganin fuskarsa ba."

Ta sayi allurar, ta sallami mai talla. Maganar ba ta dariya ba ce. Ba a daɗe ba da aka sare kan wani a kudu saboda ya ƙone allunan da ke ɗauke da sunayen kakanninsa, waɗanda ake yi wa turare, ya bi wannan addini, kuma tun daga lokacin, duk wanda aka laƙa wa sunan, sai dai danginsa su fara tunanin inda za a binne shi. Sokju shi kaɗai ne ɗan da ya rage mata.

Tsohuwa Pyo ba baƙuwar lissafin sama ba ce. Ubanta a wannan gidan ya tsufa, mijinta ma haka. Tana yarinya, idan ana koya wa yayyenta karatu, sai ta zauna bayan ƙofar takarda da ɗinki a hannu tana saurare. Daga baya su aka ba hular aiki, ita kuma aka bar ta da karatun, tunda babu wanda ya san yana wurinta balle a karɓe. Ta san husufi wata ne ke gittawa ta gaban rana. Mijinta ma ya sani, amma hakan bai taɓa hana shi sa fararen kaya ya durƙusa a farfajiyar fada ana kaɗa ganguna don a ceci ranar ba. Ta taɓa tambayarsa daga hannun wa ake cetonta. Ya ce ta zuba masa miya.

Ta fara bincikenta daga inda ya fi sauƙi. Ta zagaya bayan gida, ta buɗe ɗan ɗakin kakanni. Alluna suna nan a jere, na uban Sokju a ƙarshe, babu ƙura, ga sabuwar tokar turare a kasko. In dai yaron ya yi ridda, to ya yi ta da ladabi.

Sai ɗakin karatunsa da ke gaban gida, inda mace ba ta shiga. Ta bari ya tafi aiki, ta cire takalmi ta shiga, matarsa na biye da ita tana murza hannu tana cewa, "Inna, idan ya dawo fa?" Tsohuwar ta ce idan ya dawo ta tuna masa a cikin wa ya kwana kafin ya sami ɗaki. Ta ɗaga tabarma, ta buɗe akwatuna, ta leƙa bayan allon bango. An ce masu wannan addini suna ɓoye gicciye da hoton wata mace riƙe da jariri. Abin da ta samu shi ne bututun tagulla mai gilashi a kowane baki, da wani ƙwallo da aka zana ƙasashen duniya a kansa, da littattafai cike da jadawali. Ta juya ƙwallon tana neman Ƙasar Sin a tsakiya, inda aka koya wa kowa take. Ba ta a tsakiya. Babu ma tsakiyar. Ta ɗan ji daɗin wannan fiye da yadda ya dace da mace mai shekarunta.

Da rana ya dawo cin abinci, ta sa aka kawo teburinsa ɗakinta. Sokju ya kusa arba'in, siriri, mai irin fuskar mutanen da suke ganin idan abu gaskiya ne to an gama magana. Ta bar shi ya kai loma biyu, sannan ta tambaye shi ruwan da aka zuba masa a ka mai sanyi ne ko mai ɗumi.

Ya ajiye tsinken cin abinci. Ya rantse babu wanda ya taɓa masa kai. Ya ce aikin gidan ne ya tura shi wurin limaman, kamar yadda aka saba tura mutum duk 'yan shekaru, domin tun zamanin kakansa da lissafinsu ake tsara kalandar ƙasa, ko da yake ba a son faɗi da ƙarfi. Ya sami wani dattijo mai jan gemu, suka zauna suna hira da alƙalami tunda baki ba ya haɗuwa. Dattijon ya ba shi wata waina mai ƙwai da sukari, ya nuna masa bututu, ya ba shi sababbin jadawalin tafiyar wata. Sau biyu yana karkata hira zuwa ga Ubangijin Sama, sau biyu Sokju yana maido da ita.

"Shi aljanna yake so ya ba ni, Inna. Ni kuma lissafin wata aka aike ni in koyo."

Da sababbin jadawalin, in ji shi, inuwar wata za ta bi ta can kudu mai nisa, cikin teku, ba za ta ko shafi birninsu na Hanyang ba. Tsohon lissafi ne ya nuna za a ɗan gutsuri gefen rana. Shi wannan tsohon lissafin an daina aiki da shi tuntuni, amma ba a kore shi ba. Ana ajiye da shi kamar tsohon kawu, ana tambayar ra'ayinsa don kada ya yi fushi.

Tsohuwar ba ta yarda da abu don ɗanta ne ya faɗa ba, haka ma ba ta yarda don mai jan gemu ne ya rubuta ba. Ta ce tana da tambaya biyu. Ya ɗauki jadawalin nan ya koma baya, ya gaya mata me ya faru da rana a kakar shekarar da aka kawo ta gidan nan, sannan me ya faru a bazarar shekarar da aka yaye shi. Ba ta ƙara masa ko kalma ba.

Ya kwana biyu yana jera tsinkayen lissafi a ƙasa yana kwashewa. Da ya dawo ya ce a shekarar aurenta an yi husufi da hantsi, ya ci fiye da rabin rana. A shekarar yayensa kuwa babu komai.

Ta tuna na farkon sarai. Tana amarya, tana shanya barkono a tsakar gida, kaji suka nufi akurki, uwar mijinta ta ce da ƙafarta ta shigo da shi. Na biyun ma ta tuna. An yi shela, an sa fararen kaya, an kaɗa ganguna har hannu ya gaji, rana ta wuce abinta ko tari ba ta yi ba. Da yamma mijinta ya shigo da turmin siliki daga fada, ya ce an yi wa sarkin lokacin murna saboda nagartarsa ta sa sama ta fasa. Da silikin ta ɗinka rigar da take zuwa biki har yau.

Wato idon yaron lafiyarsa ƙalau. Wannan ne ya fi tayar mata da hankali.

Washegari ta lulluɓa mayafi ta tafi gidan Maigirma Namgung, shugaban gidan lissafin. A hukumance matarsa ta je gaisarwa. Namgung ƙaramin ma'aikaci ne a ƙarƙashin mijinta a da, ta sha ba shi abinci yana saurayi mai yawan zubar da tawada, don haka da ya ji tana ciki bai ga hanyar gudu ba. Ya zo ya zauna daga bakin ƙofa, ya yi ƙiba, gemunsa ya yi kyau, ya tambayi lafiyar gwiwoyinta.

"Gwiwa tana nan, ranka ya daɗe. Maganar ɗana na zo ji, tunda an ce ya zama Bature."

Namgung ya ce shi bai taɓa cewa Sokju ya shiga komai ba. Abin da ya faɗa kawai, a gaban mutum biyu ko uku, shi ne bai san abin da yaron ya shiga a Beijin ba. Kuma gaskiya ne, bai sani ba, ai bai je ba.

Ta tambaye shi kai tsaye ko lissafin ɗanta daidai ne. Ya dubi rufin ɗaki, ya ce mai yiwuwa. Ta ci gaba da kallonsa. Ya ce to, daidai ne, shi da kansa ya bi shi, kowa a gidan ya bi shi. Sannan ya yi mata bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa mata, abin da ta riga ta sani tun kafin ya iya riƙe alƙalami. Idan husufi ya zo ba a faɗa ba, bulala ce da kora. Idan an faɗa bai zo ba, manyan fada su jeru su yi wa sarki barka, a raba siliki, kowa ya koma gida da fara'a. To wane mai hankali ne, in yana da lissafi biyu a hannu, zai kai wanda ya ce babu? Takardar kuma dole ta ɗauki hatimin duk wanda ke bakin aiki. Idan ɗaya ya ɓace za a tambayi dalili, kuma dalili biyu ne kawai: ko gidan ne ba ya da tabbas, ko mutumin ne ba ya da kirki.

"Ranar ta zo ta wuce babu husufi fa?" in ji ta. "Ai sai a ga gaskiyarsa."

"Nan ne matsalar, matar yaya. In husufin ya zo, ya yi kuskure, a yi masa bulala ya warke. In bai zo ba, to ga wani da ya faɗa tun da wuri cewa ba nagartar sarki ce ta hana ba, dama can babu shi. Kuma da littafin limaman Yamma ya faɗa. Wannan ba ni zan yanke masa hukunci ba."

Ta ce ashe dai an ci gaba, yanzu kuskure ya fi gaskiya sauƙin magani. Namgung ya ce shi ba mai tsara duniya ba ne, kalanda kawai yake tsarawa.

Ta gyara mayafinta. Can ta tambaya, kamar mai neman sani kawai, ko wanda ba ya bakin aiki ana neman hatiminsa. Ya ce a'a, amma ma'aikaci ba ya barin aiki haka kawai ana gab da irin wannan rana. Sai dai rasuwar iyaye, ko ciwonsu mai tsanani. Wannan ko sarki ba ya hana ɗa. Hasali ma, in ji shi, ai abin da ake zargin masu addinin Yamma da shi ke nan, ba su san uwa ba, ba su san uba ba.

Ya dube ta da kyau. "Kin rame fa, matar yaya."

"Tun da na shigo nake jin jiri," in ji ta.

A daren farko ta ƙi abinci. Kafin gari ya waye ta kasa tashi. Aka ƙara wuta a ƙarƙashin ɗaki har daɓe ya yi zafi, aka lulluɓe ta da bargo uku, aka kira mai magani. Ya zauna bayan labule, aka miƙa masa hannunta an rufe da ƙyalle, ya lumshe ido ya daɗe yana sauraren jijiya. Ya gano iska ta shiga hanta, sanyi ya kama ƙoda, wutar zuciya kuma ta hau sama. Ya ce da an ƙara kwana ɗaya da sai dai haƙuri. Tsohuwar, wadda ta cinye kwanon shinkafa da kabeji mai yaji ta hannun surukarta kafin ya iso, ta yi nishi don ta taya shi. Maganin da ya rubuta kuwa, shi ne ainihin abin da ya kusa kashe ta.

Sokju ya rikice da gaske. Ya zauna a gefenta yana fifita tukunyar magani, yana ɗanɗanawa kafin ya ba ta, idonsa ja. Amma takardar neman izinin barin aiki ya ƙi rubutawa. Ya ce in ya tafi yanzu za a ce gudu ya yi, za a kai takardar ƙarya fada babu wanda ya ce uffan, kuma duk tafiyar da ya yi cikin ƙanƙara, wata biyu zuwa wata biyu dawowa, ta tashi a banza. Ya ce a bar shi zuwa ranar ɗaya ga wata kawai. Yana wannan magana ya sunkuyo don ya gyara mata matashi, sai ya tsaya cak. Warin tafarnuwa a bakin mai ƙin abinci ba ya ɓuya.

Ya ɗago ya dube ta. Ita ma ta dube shi, ba ta ko ƙifta ba.

"Inna, ƙarya ce fa za su kai."

"Na sani. Da ita na yi rigar biki." Ta jawo bargo. "Saurara, Sokju. Wata zai bi hanyarsa ko kanka yana wuyanka ko ba ya nan. Bai san sunanka ba, ba zai zo jana'izarka ba. Ni ce zan zo, kuma gwiwata ba ta da wannan ƙarfin. Je ka rubuta."

Ya daɗe zaune. Ta ga yadda abin ke cinsa, ba ta kuma yi ƙoƙarin ta rage masa ba, domin ta san bai yi kuskure ba, ba ta da abin da za ta ce da zai mayar da shi mai kuskure. Daga ƙarshe ya tashi ya tafi ɗakinsa. Ta ji ƙarar dutsen niƙa tawada, a hankali, kamar mai niƙa haƙorinsa.

Namgung ya amince da takardar a ranar, har ya aiko da busasshen kifi da saƙon fatan sauƙi.

Ranar ɗaya ga wata ta zo da sama tas, ko ɗigon gajimare babu, abin da bai yi wa kowa daɗi ba a gidan lissafin, don gajimare yakan rufa asiri. Tun hantsi aka fara jin ganguna daga wajen fada. Tsohuwa Pyo ta sa aka rufe ƙofar gida, ta yaye bargo, ta fito tsakar gida da ƙafarta. Surukarta ta ajiye kwanon ruwa kamar yadda aka saba, don a ga rana a ciki ba tare da an ɗaga ido an yi mata rashin kunya ba. Tsohuwar ta ce a kawo bututun ma. Sokju ya kafa shi, ya riƙe farar takarda a bayansa, sai ga rana ta sauko ta zauna a kan takardar, zagayayya, da wasu 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe a fuskarta. Ta sa yatsa za ta goge, ta zaci datti ne. Ya ce a jikin ranar suke, dattijon ya nuna masa. Ta ce to wannan ya bar shi a cikinsa, ba ta da ƙarfin wani ciwon a bana.

Gangunan suka yi ta yi. Suka gaji suka huta, suka sake. Inuwar katanga ta matso har ta taɓa tulunan miya. Gefen ranar da ke kan takarda bai ragu da ko ƙwayar gero ba. Sokju ya ci gaba da riƙe takardar, ita ma ba ta ce ya ajiye ba. Da gangunan suka yi shiru na ƙarshe, sai ya naɗe ta, ya kwance bututun, ya mayar da shi akwati.

Ta ƙara kwana kaɗan a kwance saboda mutunci, sannan ta warke.

Okdan ta dawo da kayanta da labari biyu. Na farko, husufi ya taso gadan-gadan, har masu ido sun hango bakinsa, amma da sarki ya fito da fararen kaya ya sunkuyar da kai, sai ya juya ya koma. Manyan fada sun yi barka, an raba siliki a gidan lissafi, Maigirma Namgung ya sami turmi biyu. Na biyu, ashe duk maganar da aka yi a kan Sokju sharri ne na mahassada, ita dama ba ta taɓa yarda ba. Wanda ya bar aikin sarki ya zo ya durƙusa gaban uwarsa ai ba ya bin addinin marasa iyaye. Har an ce da numfashinta ya tsaya, ya yanke yatsa ya ɗiga mata jini a baki ta farfaɗo, kuma dattawan unguwa suna shawarar a roƙi fada ta kafa masa jar ƙofa irin ta 'ya'ya masu biyayya.

Tsohuwar ta tambaya wa ya ga yatsan. Okdan ta ce kowa ya gani.

Sokju ya koma aiki da yatsunsa goma cif. Babu limamin da ya taɓa zuba masa ruwa a ka. Uwarsa ba ta yi ciwo ba. A ranar ɗaya ga wancan wata inuwar wata ta bi ta kudu, cikin teku, kamar yadda ya lissafa, ba ta kuma taɓa nufo Hanyang ba.